Kujerar da Haladu Ya Sa wa Fannami

Duk wanda ya kwana biyu a Hadejia ya san jar motar Haladu mai walda. In bai gan ta ba, to ya ji kukanta. Mota ce 'yar ƙasa-ƙasa kamar an danne ta da tafin hannu, hanci a miƙe, ƙugu a buɗe, mazaunin mutum biyu rak. Baƙo in ya hango ta daga nesa sai ya ɗauka ɗan wani babban mutum ne ya shigo gari da irin motocin tseren nan na Turai. Sai ya matso ya ga shatin guduma a jikin ƙofa, sannan ya gane a nan aka haife ta.

A jikin kalanda Haladu ya fara ganinta, a shagon wani mai sayar da kayan gyaran mota. Ya tsaya ya ƙura mata ido har mai shagon ya ce ko lafiya. Bai taɓa zama a aji ba, bai san lambar da ke jikin abin awo ba. Da taƙin hannu da igiya ya auna komai. Ya samo matacciyar Boswaja, irin mai kama da kunkurun nan, ya kware mata bodi ya yar, ya bar shasi da injin da ke baya. Sabon jikin kuwa da gangunan mai ya buga shi. A gabanmu aka yi, mu sa'o'insa, ba labari aka ba mu ba. Mu ne fa yunwa ta zo ta same mu ta gaji ta tafi, kwalara ta kwashi na dama da na hagu ta bar mu a tsaye, kogi ya cinye mana gidaje muka sake ɗora wasu a kan kufansu. Irinmu ba a ƙara haifa ba, kuma ko a cikinmu Haladu daban yake wajen hannu. Shi ma ya san haka, ba ya jira a faɗa masa.

Abu ɗaya ne motar ba ta da shi, wato daɗin zama. Kujerun katako ne da ɗan siririn soso, a manne da ƙasa. Mutum zai zauna kamar a kan tabarma, ƙafa a miƙe, hula tana gogar rufi. Haladu ya ce haka ta jikin kalandar take, wanda ke son kishingiɗa ya tafi ɗakin matarsa.

Mutum ɗaya ne a garin bai taɓa yarda ya shige ta ba, shi ne Fannami mai banda. Babarbare ne, kakanninsa daga bakin Chadi suka gangaro suka kafa Kolori, wani ɗan ƙauye a cikin fadama can bayan Guri. Tun yana saurayi ya shigo Hadejia da kwandon busasshen kifi a ka, ya yi rumfa kusa da garejin Haladu, daga nan suka ɗinke. Abotarsu ta zagi ce. Haladu ya ce masa Babarbare mai warin kifi, shi kuma ya ce masa Afuno, wato Bahaushe a bakin Barebari, ɗan ƙona ƙarfe. In Haladu ya tsaya da motar ya buɗe ƙofa ya ce shigo, sai Fannami ya ja da baya ya ce, "Ni kifi nake sa wa a gwangwani, ba a sa ni."

To a daminar da ake magana, ciwo ya kama Fannami a ƙashin baya. An je Kano an dawo, likitoci suka ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Kowa ya san abin da wannan maganar take nufi. Ciwon bai bar shi ya zauna a miƙe ba, bai bar shi ya kwanta shimfiɗe ba. Sai dai a tara masa matasai da buhun ƙaiƙayi ya kishingiɗa a tsakani, a haka yake yini, a haka yake kwana.

Haladu ya je duba shi wata ranar Laraba da hantsi. Zainaba, 'yar Fannami da ta baro ɗakin mijinta ta zo jinya, tana yi masa fifita. Mutumin da a da yake cika ƙofa ya koma kamar kara a cikin riga.

"Babarbare, har yanzu kana nan kana cinye wa yarinya tuwo?"

"Ina jiran ka riga ni ne, Afuno. Ba na so in tafi in bar ka kana damun mutane."

Suka yi dariya, ta Fannami ta ƙare da nishi. Sannan ya ce, "Zauna. Magana zan yi da kai ba ta wasa ba. Kolori nake so. Yayata Ya Gana tana can, idonta ya tafi, ba ta iya zuwa. Mu biyu muka rage a cikin ɗakinmu. So nake in je da raina, ta taɓa ni ta ji ina numfashi, in kwanta a ɗakin da aka haife ni. Ba na so a kai mata ni a naɗe."

Haladu ya dubi Zainaba. Ta ce ta je tasha har ta gaji. Direbobi sun ce iyakarsu Guri, ba mai sa motarsa a hanyar amalanke da damina. Acaba kuwa ba a ma maganarsa. In aka ce daga Guri a ɗora shi a kan amalanke, jijjigar wannan doguwar tafiya ita za ta ƙarasa shi. Ga kogi yana ta cika. Da zarar ruwa ya haye mashigin da ke gaban Kolori, shi ke nan sai kaka, don taya ba ta wucewa, jirgi kuma kacalla ta toshe masa hanya, wannan doguwar ciyawar da ta cinye fadamar.

Haladu ya gyara hula. "Direbobin tasha? Waɗannan ai 'yan riƙe sitiyari ne. Motata injinta a baya yake, ba ta da nauyi, rairayi tsoronta yake. Na shiga da ita inda jaki ya ƙi shiga. Ni zan kai ka."

"A gwangwanin?"

"A gwangwanin."

"Ka dube ni da kyau. Ta ina zan naɗu in shiga wannan ramin? Ka ɗora ni a kan katakon nan, kafin mu fita gari na cika."

"Wa ya ce maka katako? Kujera zan sa maka irin wadda ko gwamna bai taɓa zama a kai ba. Kai dai ka riƙe ranka."

Daga nan bai koma gida ba, sai wajen masu sayar da gawar motoci. Ya yi ta zagaye har ya sami wata Sharon da ta yi hatsari, gabanta ya tafi amma kujerar mai zaman banza lafiya lau. Kujera ce mai kauri, mai madogarar kai, ga wani ɗan hannu a gefe, in ka ja sai bayanta ya kwanta daidai inda kake so. Ya zauna ya ja hannun, ya kishingiɗa kamar yadda ya ga Fannami a kan matasai. Ya ce wannan ce.

A gareji ya fizge katakon ya yar, ya ɗauko kujera zai sa. Ta ƙi. Tsayinta ya fi ƙarfin rufin, faɗinta ya fi ƙarfin wurin. Ya juya ta ta nan, ya juya ta ta can. Ko an tura ta da ƙarfi, wanda ya zauna a kai wuyansa zai lanƙwashe.

Yana cikin haka Zainaba ta zo da saƙon mahaifinta, wai a tambayi Afuno ko gwamnan ya fasa ba da kujerar. Ta tsaya ta duba, ta ce, "Baba Haladu, ai sai a cire rufin. In babu shi komai tsayinta za ta zauna."

Haladu ya ajiye guduma. "A cire me?"

"Rufin, Baba."

"'Yata, damina ce. In ruwa ya sauko a hanya fa? In rana ta buɗe ta dake shi fa? Mara lafiya zan ɗauka, ba buhun shinkafa ba."

Maganar ta yi ma'ana, Zainaba ta juya ta tafi. Amma ba rana ce ta hana shi ba, ba kuma ruwa ba, don da leda da sanda huɗu an yi maganin wannan. Rufin nan shi ne fuskar motar. Rani guda ya yi yana buga shi kafin ya sami wannan gangaren da ke saukowa daga goshi har ƙugu kamar bayan tarwaɗa. Shi mutane ke tsayawa kallo. In an sare shi, abin da zai rage amalanke ce mai inji. Haladu ya shafa shi da tafin hannu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, inda ba mai gani. Ya ce tunda sama ba ta ɗaguwa, ƙasa za ta sauka.

Ya ɗaga motar a kan kututture, ya kunna wuta, ya yanke farantin ƙasa na ɓangaren fasinja gaba ɗaya. Ya ƙera wani kamar kwano mai zurfi, ya liƙa shi ya sauka ƙasa da na da wajen taƙi guda. Tsayi ya samu. Saura faɗi. Boswaja tana da wani dogon ƙarfe mai kumburi da ya ratsa tsakiyarta daga gaba har baya, shi ne ƙashin bayanta, shi ke riƙe da komai. A nan gefen kujerar ya tokare. Haladu ya san wannan ƙarfe, ya san aikinsa. Ya daɗe a tsugune yana kallonsa. Daga baya ya ce ai ɗan kaɗan zai fere, kuma waldarsa ta fi ta Bature ƙarfi. Ya fere, ya sa faci, ya bi da wuta.

Aikin da ya ce na yini ɗaya ne ya ci kwanaki. Gas ya ƙare aka jira, idonsa ya yi ja ya kumbura don ba ya sa gilashi, ya ce gilashi na 'yan koyo ne. Kullum da safe masu zuwa daga gabas suna cewa ruwa ya ƙaru. Kullum Zainaba tana zuwa ta tsaya a bakin gareji ta duba, ta koma.

Da aka zo ɗaure kujera, bai huda ya sa noti ba. Haladu bai yarda da noti ba tun yana yaro. Ya ce noti munafuki ne, yana kwancewa ba ka sani ba. Ya bi ƙafafun kujerar ya walde su da kwanon, ya sake bi, har ya tabbata ko giwa ta ja ba za ta motsa ba.

Ranar tafiya da sassafe maƙwabta suka ɗauko Fannami a cikin bargo, suna tafiya kamar masu ɗauke da ƙwai. Ana sa shi a kujerar ya ƙwalla ƙara, gumi ya keto masa. Haladu ya kama ɗan hannun nan ya ja a hankali, bayan kujera ya riƙa sauka, har Fannami ya ɗaga yatsa ya ce tsaya. Ya lumshe ido. Fuskarsa da ta daɗe a murtuke ta saki.

"Afuno."

"Na'am."

"Ina ka sato wannan?"

"Ya ka ji ta?"

"Rabona da jin bayana ya yi shiru haka tun kafin azumi. Allah ya isa tsakanina da kai, da ka san kana da irin wannan ka bar ni a kan buhun ƙaiƙayi."

Haladu ya juya ya dubi jama'a, ƙirjinsa a gaba. "Kun ji ko? Ku shaida. Babarbare ya shiga gwangwani."

Suka kama hanya, Zainaba tana biye a bayan wani ɗan acaba da ƙullin kayansu. A kan kwalta motar ta tafi sumul. Hagu da dama shinkafa ce kore shar, wani wuri ruwa ya riga ya kai mata wuya, balbelu sun jeru a kan kunya. Fannami ya riƙa nuna wurare da haɓa. Nan ne ya taɓa faɗawa da kwandon kifi. Can ne aka yi wata kasuwa da yanzu babu ita. Ya ce in sun isa zai sa Ya Gana ta sa a yi wa Haladu burabusko da miyar kifi, ya ci abincin mutane sau ɗaya kafin ya mutu. Haladu ya ce shi ba ya cin abin da sai an bi shi da ruwa buta guda. Har ɗan barci Fannami ya yi kafin Guri, abin da Zainaba ta ce bai yi da rana ba tun da ciwon ya tsananta.

Bayan Guri suka sauka daga kwalta suka shiga hanyar amalanke. Wanda bai san irin wannan hanya ba, ga yadda take: tayoyin amalanke da kofaton shanu sun haƙa rami biyu dogaye, tsakiyarsu kuma tudu ya tashi kamar kunyar dankali, ciyawa ta riƙe shi ya yi tauri. A da motar tana haye wannan tudu da ɗan sarari. Yanzu kuwa cikinta ya sauka.

Ba su yi nisa ba aka ji ƙuuu a ƙarƙashin kujera. Fannami ya buɗe ido.

"Mene ne wannan?"

"Ciyawa ce."

"Ciyawa ce take dukana a gindi?"

Haladu ya karkata ya ɗora taya ɗaya a kan tudun, suka ɗan samu sauƙi. Amma gaba hanyar ta matse, ruwa a hagu, ruwa a dama, ba inda za a kauce. Ramukan suka ƙara zurfi. Kwanon ya riƙa noman ƙasa yana tura ta gaba, inji yana kuka. Ɗan acaban ya matso ya ɗaga murya ya ce, "Baba, a tsaya a duba!" Haladu ya yi kamar bai ji ba. Ya san in ya tsaya ba zai sake tashi ba, kuma gani yake saura ɗan ƙiris su fita wuri mai kyau. Ya sauke giya ya taka mai.

Akwai wani tsohon kututturen goruba a binne a tsakiyar tudun. Kwanon ya dake shi. Aka ji ƙas, ba da ƙarfi sosai ba, kamar an karya rake. Motar ta durƙusa a tsakiya, hanci ya ɗaga, ƙofar Haladu ta buɗe da kanta. Inji ya mutu.

Fannami bai yi ƙara ba. Bakinsa ne a buɗe, idonsa ya juye, hannunsa ya damƙe gefen kujera. Zainaba ta diro ta zo tana salati, ta tallafe kansa. Sai da aka jima numfashinsa ya dawo daidai.

Haladu ya kwanta a cikin laka ya leƙa. Ƙashin bayan motar ya tsage daidai inda ya fere. Facinsa na nan daram, waldarsa ba ta saki ba, ƙarfen da ke gefenta ne ya yage. Ya daɗe a kwance yana kallon wurin.

"Afuno," in ji Fannami da wata 'yar murya. "Mun iso?"

"Saura kaɗan."

"Ta mutu ko?"

"Hutawa take yi."

Allah ya kawo wani mai amalanke, Munzali, yana komawa wajen Kolori da shanunsa biyu. Ya tsaya ya yi jaje, ya ce daga nan ba nisa, zai tafi da shi a hankali, amma a hanzarta, don da safe da ya fito ruwan mashigi yana gwiwar shanunsa, kuma ƙaruwa yake. Suka kama bargo za su ɗaga Fannami. Ko motsa shi ba su gama yi ba ya saki wata ƙara da ta tashi tsuntsaye daga cikin kacalla. Ya riƙa cewa ku bar ni, don Allah ku bar ni. Bugun nan ya taɓa wani abu a bayansa. Ba ya ɗaguwa kuma sai dai da kujerar.

"To a kwance kujerar mana," in ji Munzali. "Ina sifana?"

Ɗan acaban ya ɗauko tasa, ya durƙusa yana laluben noti. Ya lalubo nan, ya lalubo can, ya ɗago ya dubi Haladu. Noti babu, duk walda ce. Haladu ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya fito da kurfi da guduma. Bugu ɗaya ya yi Fannami ya sanƙare, Zainaba ta riƙe masa hannu ta ce, "Baba, a jikinsa kake bugawa!" Ya ajiye guduma. Ya ɗauko zarto, wurin ya matse, sai da ya cire bakin zarton ya naɗe gefe ɗaya da tsumma ya riƙe a hannu.

Haka ya durƙusa a cikin laka yana gogar waldar da ya yi da hannunsa, mutum a zaune a kai, kowane ja sai ya saurari numfashinsa. Waldar Haladu kuwa ba ƙarya yake ba, ta fi ta Bature. Ɗan acaban ya ce a ba shi ya karɓe shi, ya ƙi. Munzali ya ce a ba shi, ya ƙi. Tsumman ya jiƙe da jini ya sake wani. Rana ta take, ta karkata. Suka yi azahar ɗaya bayan ɗaya a kan amalanke. Ruwan da ke gefen hanya ya tako a hankali ya shiga ramin taya, ya zo ya taɓa gwiwar Haladu.

Da aka yanke ƙafa ta ƙarshe, wani aikin ya taso. Kujera da mutum a kai ba ta fita ta ƙofa, rufin ya tare. Haladu ya miƙe, ya ɗauki kurfi da guduma ya miƙa wa Munzali, shi kuma ya sa hannu biyu ya riƙe kujerar ya ɗan ɗaga ta daga jikin ƙarfe don kada bugun ya kai ga Fannami. Ya ce, "Sare ginshiƙan." Munzali ya sare, ya kama rufin shi da ɗan acaba suka banƙare shi baya kamar murfin gwangwani. Haladu bai ɗaga kai ya kalla ba.

La'asar ta yi kafin su kai mashigi. Ruwa ya shimfiɗa ja wur, yana tafe da kumfa da karan shinkafa. A ƙetare ga gorubobin Kolori nan, har ana hango hayaƙin girki. Munzali ya kora shanu, suka shiga har ƙirji suka tirje, suka juyo. Ya sake, suka sake juyowa. Ya ce wallahi ba za su ba, kuma in aka matsa amalanken za ta kife.

Wasu masunta biyu da ke gyaran koma a bakin ruwan suka taso. Da suka ji ɗan'uwan Ya Gana ne, suka ce a kafaɗa za a haye da shi, mutum yana iya takawa in ya san wurin. Aka samo gora biyu masu kauri aka zura a ƙarƙashin kujera aka ɗaure da igiyar shanu. Masuntan suka kama baya, Munzali ya kama gefe ɗaya na gaba. Ɗan acaban ya zo zai kama ɗayan, Haladu ya ture shi.

"Baba, ruwan nan da ƙarfi."

"Na haye wanda ya fi shi kafin a haifi ubanka. Riƙe yarinyar nan kada ya ja ta."

Suka ɗaga. Fannami ya buɗe ido ya ga kansa a sama, a kan kafaɗun mutum huɗu. Ya ce, "Afuno, ba ka ma jira ba? Har ka fara gwajin ɗaukar makara?"

"Rufe baki, kana ƙara nauyi."

Ruwa ya kai musu cinya, ya kai ƙugu. Ƙasan santsi ne, laka tana riƙe ƙafa. Masuntan suna faɗin dama, hagu, a hankali. Gorar ta nutse a kafaɗar Haladu, hannunsa da ya tsage yana zafi a cikin ruwa. Ya fara magana don kada ya ji. Ya ce gobe duk Hadejia za ta ji cewa shi Haladu ya kai Babarbare gida, da mota da babu mota. Ya ce a shirya masa burabuskon, ya fasa ƙi, zai ci. Ya ce in kaka ta yi zai ƙera wata motar, wannan karon da kujeru irin wannan guda biyu. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya kai haɓa, ya ɗaga kai yana tofarwa yana ci gaba da magana. Sai da ƙasa ta fara tasowa a ƙarƙashin ƙafarsa ya lura tun ɗazu shi kaɗai yake yi.

Suka sauke kujerar a kan tudu a gindin goruba. Idon Fannami a buɗe, yana kallon sama. Ɗaya daga cikin masuntan ya sa kunne a ƙirjinsa, ya daɗe, ya ɗago ya yi salati. Ya sa hannu ya shafe masa ido. Zainaba ta fito daga ruwa ta zube a gefen kujerar.

Labari ya riga su shiga gari. Mutane suka taho, a tsakiyarsu wata mata tana jan wata tsohuwa ƙanƙanuwa da sanda. Aka buɗa mata. Ya Gana ta miƙa hannu ta taɓa sosan kujerar, ta bi shi har ta sami kafaɗa, ta sami fuska. Ta shafa goshin, ta shafa gemun. Ta sa tafin hannu a ƙirjinsa ta bar shi a nan. Ba ta yi kuka ba.

"Da ɗuminsa," ta ce. "Wa ya kawo shi?"

Aka ce ga shi nan, amininsa ne daga Hadejia. Ta juyo da fuskarta wajen da ta ji ruwa yana ɗiga daga rigar Haladu.

"Bawan Allah, sannu da wahala. Faɗa mini, da ransa ya iso ƙasar nan?"

Munzali ya sunkuyar da kai. Masuntan suka dubi Haladu. Zainaba ma ta ɗago ta dube shi. Da ya ce e, ba mai ƙaryata shi a wurin.

"A tsakiyar ruwa ya yi mini magana, Yaya," ya ce. "Daga nan ban sake jin sa ba. Da mun zo da hantsi da kin same shi."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta ce a shigar da shi ɗakin gyatumarsu a yi masa wanka a can. Matasa suka kama gorar suka ɗaga, jama'a suka bi su. Wani dattijo yana ce wa na kusa da shi sai an je can kan jigawa a haƙa, don maƙabartar ƙasa ruwa ya shiga. Haladu ne kaɗai bai bi su ba. Ya zauna a kan laka yana rawar sanyi, har wani ya dawo ya kama shi ya tashe shi.